Tanbihi ga Masu Sauƙaƙa Al'amarin Taba, da Bayanin Abin da Ya Wajaba ga Mai Jiran Fiɗa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ba mu jikunanmu amana. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani wata fatawa ta yawaita a zauruka, kuma shiru a kanta ya zama laifi. Likita yakan sa wa mutum ranar fiɗa, ta gwaiwa ko ta mafitsara ko ta ƙashin da ya karye, ya ce masa ya bar taba tun kafin ranar. Sai mutumin ya zo wurin malaminsa da tambaya. Malam ya ce: taba makaruhi ce kurum, magabata sun yi saɓani a kanta, ajali kuwa ba ya gaba ba ya baya, ga rubutu ka sha. Mutumin ya tashi zuciyarsa fari tas, ya biya wurin mai tebur ya sayi kara biyu. Wannan fatawa muke yi wa raddi, domin mai ba da ita yana kwana a ɗakinsa lafiya, wanda aka ba shi ke kwana da miki.

Fasali a kan saɓanin magabata

Ba mu musun saɓanin. Taba ganye ce ta ƙasar Amurka, ba ta shigo ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 na miladiyya, don haka babu nassi da ya ambace ta da suna. Shaihu Ahmadu Baba na Tumbutu ya rubuta a kanta a shekarar 1607, ya tafi ga halacci. Shaihu Aliyu al-Ajhuri na Masar, wanda ya rasu 1656, shi ma ya halatta. Shaihu Ibrahimu al-Laƙani, wanda ya rasu 1631, ya haramta. Dukansu Malikawa ne, Allah ya jiƙansu. Mutanen Tijjaniyya kuwa sun hana ta ga muridansu tun da daɗewa.

To amma ya kai mai riƙe da sunan Ahmadu Baba, ka duba a kan me suka gina halaccin. Sun gina shi a kan cewa ba ta gusar da hankali kamar giya, kuma cutarwarta ba ta tabbata gare su ba. Almajirin da ya fara usulu ya san hukunci yana bin illarsa, in illa ta tabbata ya tabbata, in ta gushe ya gushe. Cutarwa kuwa ta tabbata bayansu, tabbatar da ba mai musunta sai mai son zuciya. A 1950 masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka bayyana alaƙar taba da ciwon dajin huhu. Sa'an nan aka bi dubban likitocin ƙasar da kansu shekara 50, aka ga a 2004 cewa mai sha yana rasa kamar shekara 10 a kan wanda bai taɓa sha ba, wanda ya bari yana ɗan 40 kuwa yana maido da kamar 9 daga cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 kowace shekara. Wace mas'ala ce a fiƙihu aka taɓa kawo mata shaidu masu yawan wannan? Muna yanke hukuncin dukiya da shaidu biyu adilai, ga shaidu kamar yashi, mu ce ba su isa ba? Jingina wa magabata halaccin abin da aka tabbatar da cutarsa bayan rasuwarsu zalunci ne gare su.

Fasali a kan abin da hayaƙi ke yi wa jikin da za a yanka

Wannan shi ne gindin magana, ku saurara da kyau. Miki ba ya haɗewa sai da jini, jini kuwa ba ya amfanar miki sai ya kawo masa iskar rai, wadda likitoci ke kira oksijin. A cikin hayaƙin taba akwai wata iska, kabon monoksaid, ita ce wadda ke kashe masu kwana da gawayi ko janareta a ɗaki rufe. Tana kama jini fiye da iskar rai sau 200 da ɗoriya, ta zauna a mazauninta. Sa'an nan nikotin ya matse ƙananan jijiyoyin jini, ya ƙara bugun zuciya. Sai ya zamana hanya ta ƙuntata, kuma jakin da ya samu ya wuce kayansa ba cikakku ba ne. Ta yaya ɗinki zai kama? Shi ya sa mikin mai taba yakan yi jinkiri, yakan tara mugunya, yakan buɗe, ƙashinsa kuma yakan daɗe bai ɗoru ba.

Sai huhu. Allah ya halitta wasu 'yan gashi ƙanana a hanyoyin numfashi, aikinsu share majina da ƙura zuwa sama kamar tsintsiya. Hayaƙi yana gurgunta su. Mutumin da aka yi wa maganin barci, ya farka ciki a ɗinke, yana tsoron tari saboda zafi, ga majina ta taru ba mai share ta, nan ciwon huhu ke samun ƙofa. In kuwa tarin ya ci ƙarfinsa, kowane tari yana jan zaren ɗinki. Masu gwaiwa su fi kowa lura da wannan.

Kada wani ya ce zato ne. A ƙasar Denmak, a 2002, aka ɗauki marasa lafiya 120 masu shan taba waɗanda za a yi wa aikin ƙugu ko gwiwa, aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka taimake su kan barin taba mako 6 zuwa 8 kafin aiki, ɗaya aka bar su yadda suke. Waɗanda aka bari, 52 cikin 100 suka gamu da matsala bayan aiki, waɗanda aka taimaka 18 cikin 100. Matsalar miki kaɗai, 31 ga waɗancan, 5 ga waɗannan. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara irin waɗannan bincike ta ce wanda ya bari mako 4 ko fiye kafin aiki haɗarinsa yana raguwa, kuma kowane mako da ya ƙaru bayan huɗun alheri ne a kan alheri.

In ka ce: ajali ba ya gaba ba ya baya. Sai mu ce: gaskiya ne, to me ya kai shi asibiti? Wanda ya yarda a sa masa wuƙa don neman lafiya ya riga ya riƙi sababi, barin taba kuwa ɓangare ne na sababin nan. Ba ya yiwuwa ya karɓi rabin maganar likita da sunan neman magani, ya watsar da rabin da ya yi masa nauyi da sunan tawakkali. Kai ma malam kana kulle ƙofarka da dare.

In ka ce: mun ji wanda ya bari dab da aiki tari yakan taso masa, gara ya ci gaba har a gama. Sai mu ce: wannan magana ta taɓa yawo har tsakanin likitoci, amma a 2011 aka tara binciken da aka yi a kanta, ba a sami hujjar cewa bari dab da aiki yana ƙara haɗari ba. Mugunyar iskar nan tana raguwa ƙwarai a jini cikin yini guda da bari. Wanda ya sami wata biyu ya gode Allah, wanda saura masa kwana uku ya bari yau.

Fasali a kan ƙwalama da yadda ake yaƙarta

A nan kuma muna da magana da wata ƙungiya, masu tsanantawa, waɗanda ke hawa mumbari su kira mai taba ɗan iska su sauka, ba su gaya masa yadda zai yi ba. Abin da suka jawo shi ne mutum mai mutunci ya ɓoye shansa, har likita ya tambaye shi ya ce ba ya sha. Ku sani wannan ƙarya ta fi ƙaryar kasuwa haɗari, domin likitan da ke sa barci yana shirinsa ne bisa abin da aka gaya masa. Ya faɗi gaskiya: kara nawa a yini, shekara nawa, ko shisha ce, ko garin taba na baki ko na hanci. Mai shisha kada ya ce ruwa ya wanke hayaƙin, ruwa sanyaya shi kawai yake yi, gawayin da ke kai kuma yana ƙara masa mugunyar iska.

Ƙwalamar taba tana da sababi a jiki. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, bayan kamar awa 2 rabinsa ya fita daga jini, sai jiki ya nemi ƙari. Wanda ya bari yakan sami fushi, da rashin barci, da yunwa, da kasa tattara hankali ga karatu. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, sa'an nan ya riƙa sauka cikin mako 2 zuwa 4. Ita ƙwalamar kuwa ba zama take yi ba, tasowa take ta yi 'yan mintuna ta kwanta, ko an sha ko ba a sha ba. Wanda ya san haka ya sami rabin makami, domin abin da aka nema gare shi haƙurin tsawon alwala da raka'a biyu ne, sa'an nan a sake, sa'an nan a sake.

Kuma mu muna da hujjar da wasu al'ummu ba su da ita. Mutumin da ke rantsuwa ba ya iya awa guda ba taba, shi ne ke wuni tun alfijir har faɗuwar rana wata guda cur bai kunna ba. Me ya riƙe shi? Ya ƙulla niyya tun dare, ya rufe ƙofar shawara da zuciyarsa, mutanen gidansa kuma sun san halin da yake ciki. To ya yi haka nan. Ya sa rana, ya sanar da iyalinsa da abokan zamansa, ya fitar da kwali da ashana daga ɗaki, kada ya bar kara ɗaya "saboda tsaro", domin karan nan shi ne ke maido da kwali. Ragewa kaɗai ba ta isa mai jiran fiɗa, ko da yake ta fi babu. Ya duba lokutan da hannunsa ya saba: bayan tuwo, wurin mai shayi, majalisar dare. Ya sa wani abu a gurbin: asuwaki a baki, ruwa a kurɓa a hankali, tasbaha a hannu, ko ya tashi ya taka. Majalisar da ake busa hayaƙi ya ƙaurace mata wata guda, abokin ƙwarai ba zai yi fushi ba.

Fa'ida: hayaƙin taba yana sa hanta ta gaggauta ƙona sinadarin da ke cikin goro da shayi da gahawa. In an bar taba hanta takan koma tafiyarta, sai goron da aka saba ya yi ƙarfi, ya kawo faɗuwar gaba da rashin barci, mutum ya ɗora wa barin taba laifi. Mai maye gurbin taba da goro ya lura, ragewa ya kamata ya yi. Haka wasu magungunan asibiti, don haka mai shan magani kullum ya sanar da likita ranar da ya bari.

Mas'ala: akwai filasta ta nikotin da ake manna wa fata, da cingam, da ƙwayar tsotsa. Wasu sun ce haram ne, tun da nikotin ɗin ne dai. Muka ce wannan gaggawa ce. Abin da ya fi kisa a taba hayaƙinta ne, mai ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo ciwon daji. Filasta ba ta da hayaƙi, ana ba da ita da awo, ana rage ta mataki-mataki har a yaye mutum. Ɗaukar cuta ƙarama don tunkuɗe babba ƙa'ida ce da kowa ya karanta. Mutanen Denmak ɗin nan ma an ba su ita. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa amfani da ita, da ƙwayoyin varenicline da bupropion da cytisine, tare da nasiha da bibiya, domin haɗa magani da nasiha ya fi kowannensu shi kaɗai. Sai dai ƙwayoyin nan da izinin likita ake shansu, kuma wasu masu aikin ƙashi sukan so a bar nikotin gaba ɗaya, a tambayi mai aikin. Addu'a kuwa a yi ta, ba mu hana ba, abin da muka hana shi ne a sayar wa mutum rubutu a ce masa ya wadatar da shi ga barin sha.

Sauran shiri gajere ne. Ya riƙa tafiyar ƙasa kullum gwargwadon iko. Ya ci abin gina jiki, wake da ƙwai da kifi da ganye. Mai ciwon suga ko hawan jini ya daidaita su tun da wuri. Ya faɗa wa likita duk saiwa da jiƙon da yake sha. In an ce kada ya ci kome daga sa'a kaza, kada ya ce ɗan kunu ba abinci ba ne, domin abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu yana cikin barci. Maigidan da matarsa ko ɗansa ke jiran aiki shi ma ya fitar da hayaƙinsa daga gida.

Ku kuma malamai, ku dubi tsangayunku. Dokar hana taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara. Malamin da ke aiken almajiri ya sayo masa ya jawo an karya doka, ya kuma koya wa yaro darasin da ba a rubuta a allo ba.

Bayan an fito daga aiki sai a ƙara tsaro, domin miki yana buƙatar makonni kafin ya yi ƙarfi, ƙashi kuwa watanni. Kwana na huɗu ko na biyar, zafi ya lafa, zaman gado ya ishe shi, a nan wani mai dubiya yakan zura masa kara a ƙarƙashin matashi da sunan tausayi. Mai jinya ya sa ido, ya karɓe, ya mayar wa mai shi a bakin ƙofa. In kuwa an riga an sha, a gaya wa likita, a koma kan niyya a ranar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.