Darasin nutsewa yana son tasa da ruwa

In malam ya tambayi aji: "Mi ya sa wani abu yake nutsewa cikin ruwa, wani kuma yake tasowa?", hannuwa da yawa za su tashi. Amsar kusan guda ce: "Mai nauyi shi ke nutsewa, marar nauyi shi ke tasowa." Amsar tana da daɗin ji, amma ba daidai take ba. Ƙaramar ƙusa, wadda ba ta kai nauyin goro guda ba, tana faɗawa ruwa sai ƙasa. Kwalekwalen da ke ɗauko buhunan shinkafa a kogin Kwara, wajen Gaya ko Ayoru, ƙarti goma ba su ɗaga shi, ga shi kuwa bisa ruwa yana tafiya.

A wasu azuzuwa da alli ake gyara wannan amsa. Malam ya rubuta doka bisa allo, yara su kwafe cikin kaye, su hardace, ranar jarrabawa su maido mishi da abinshi. Wannan hanya ba ta dace da wannan darasi ba. Yaron da ya hardace dokar, in aka tare shi bakin tabki bayan wata guda aka tambaye shi, tsohuwar amsarshi ce za ta fito. Gani ya kori ji. Ya kamata tasa da ruwa su shigo aji kafin alli ya taɓa allo.

Wasu za su ce makarantar ƙauye ba ta da kayan gwaji. Wannan ba hujja ba ce. Abin da ake so duka yana cikin gida: babbar tasa, kwano, ƙwarya, gwangwanayen tumatir, ƙusa, tsakuwa, ƙwai, gishiri, sanda da zare. Ruwan ma bokiti guda ya isa, in an gama a ba itatuwan makaranta su sha.

Kafin a jefa kome cikin ruwa, kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake tsammani: zai nutse ko zai taso. Wannan yana cin lokaci, amma ba a tsallake shi. Wanda ya ce "zai nutse" gaban ƴan ajinsu, abu kuma ya taso, ba zai manta ba.

Sa'an nan a ɗauko gwangwani biyu iri ɗaya. A aza na farko bisa ruwa, bakinshi sama. Zai tsaya yana lilo. Na biyu a sa dutse a bubbuge shi har ya dunƙule, a jefa. Zai nutse. To, ƙarfe guda ne, nauyi guda ne, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Abin da ya sake shi ne girman wurin da gwangwanin yake ci cikin ruwa.

Nan ne aji da yawa suke tsayawa. An raba kaya gida biyu, masu nutsewa da masu tasowa, an tafa hannu, an tashi. Wannan rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne awo, kuma shi ne zuciyar darasin.

Ga yadda ake yi. A cika kwano da ruwa fal, har baki, a aza shi cikin busasshiyar tasa. A zuba tsakuwa kaɗan cikin gwangwani, a saukar da shi bisa ruwan kwanon sannu sannu, ba tare da yatsa ya shiga ba. Ruwa zai zubo cikin tasa. Wannan ruwa da ya zubo shi ne wanda gwangwani ya ture don ya samu wurin zama. A ɗaure sanda da zare daidai tsakiyarta, a rataya ƙananan kwanoni biyu iri ɗaya, guda a kowane kai: sikeli ya samu ke nan. A juye ruwan da ya zubo cikin kwano guda. A goge gwangwanin, a sa shi da tsakuwarshi cikin ɗayan. Sanda za ta tsaya daidai, ko kusa da daidai. Ba safai take yin cif ba, don wani ruwa yakan maƙale jikin tasa. Kada malam ya ɓoye wannan giɓi. Ya tambayi yara inda sauran ruwan ya shiga, su nemo da kansu.

Yanzu ne alli yake da magana. Duk abin da ya shiga ruwa yana ture ruwa. Ruwa kuma yana tura shi sama, da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da aka ture. In ruwan da abu ya ture ya kai nauyin abin tun ruwa bai rufe shi ba, sai ya taso. In ruwa ya rufe shi duka amma bai kai ba, sai ya nutse. Yarinyar da ke jan ruwa a rijiya ta san wannan ƙarfi da hannunta: guga yana da sauƙi muddin yana cikin ruwa, yana fitowa sai nauyi ya sauko ma kafaɗa.

Lissafi yana taimakawa. Litir guda na ruwa kilo 1 ne. Dunƙulen ƙarfe mai girman litir guda ya kusa kilo 8, shi ya sa ƙusa ba ta da mafita. Litir na man gyaɗa bai wuce garam 920 ba, shi ya sa mai yake kwanciya bisa miya. Ruwan gishiri ya fi ruwan rijiya nauyi: sabon ƙwai yana nutsewa cikin ruwan sha, amma in aka yi ta narka gishiri sai ya taso. Tsohon ƙwai kuwa ba ya jiran gishiri, don iska ta yi yawa cikinshi. Masu sayen ƙwan zabi a kasuwa sun daɗe suna wannan gwaji da ƙwaryar ruwa.

Dokar tana ɗauke da sunan Arshimed, wani masani na birnin Sirakus, a tsibirin Sisil, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana ba da labarin cewa wurin wanka dabara ta zo mishi, lokacin da sarki ya sa shi ya duba ko maƙeri ya yi ha'inci cikin hular zinariya. Labarin yana da daɗi, sai dai wajen shekara 200 bayan mutuwarshi aka rubuta shi. Ɗalibin da ya iya labarin wanka amma bai taɓa auna ruwan da ya zubo ba, tatsuniya ya koya.

Akwai gwaji na ƙarshe, kuma saboda shi ne bai kamata a yi sakaci da darasin nan ba. A mai da gwangwani bisa ruwa, a riƙa sa tsakuwa ɗaya ɗaya ana ƙirgawa har ya nutse. A sake yi, amma wani yaro yana kaɗa ruwan tasa da hannu. Zai nutse tun ba a kai adadin farko ba. A sake yi, a tara tsakuwar gefe guda. Zai kife. Haka kwalekwale yake ranar kasuwa. Cikin kwanciyar ruwa yakan ɗauki kaya har bakinshi ya kusa taɓa ruwa, mutane su ce ai ya ɗauka. Iska tana tasowa, ko fasinja suka ruga gefe guda, shi ke nan. Haka kuma bidon da yara ke runguma su shiga tabki da damana: iskar da ke ciki ce ke riƙe su, marfi yana kwancewa ruwa ya maye wurinta.

Manyan jirage ma ba su fi ƙarfin wannan doka ba. A Ingila, a 1876, hukuma ta tilasta a zana layi jikin jiragen ruwa don a ga iyakar lodi. Ana kiranshi layin Plimsoll, da sunan ɗan majalisar da ya yi ta faɗa a kan maganar. Ranar 26 ga Satumba 2002, jirgin Joola na ƙasar Senegal ya taso daga Ziginshor za shi Dakar. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600, ya ɗauki kusan 2000. Hadari ya same shi da dare, ya kife. Fiye da mutum 1800 suka rasu, 64 kaɗai suka tsira.

Kafin a zubar da ruwan tasa, kowane rukuni na yara ya ja nashi layi jikin gwangwani, inda yake ganin ya kamata lodi ya tsaya. Sa'an nan malam ya kaɗa ruwa, a ga gwangwanin wa zai kai bakin tasa.