Tomb Raider: Miya Ba Gishiri

'Yan'uwa ɗalibai, samarin da ke cika shagunan wasan kwamfuta a Barnawa suna yabon fim ɗin Tomb Raider na 2018, wai ya gaji wasansa na 2013, ya kuma shafe na Angelina Jolie na 2001. Ni kam ban yarda ba.

A wasan, kurwar Sarauniya Himiko ke tayar da guguwa, ta hana kowa barin tsibirin Yamatai. Ran Lara Croft kuma a hannunka yake, in ka yi sakaci ta halaka. A fim kuwa an ƙwace maka linzami, kana zaune ka san jarumar ba za ta mutu ba. To, me zai riƙe ka in ba labari ba? Amma sai Roar Uthaug ya zare sihirin, ya mai da Himiko mai ɗauke da annoba kawai, ya bar mu da gudu da tsalle.

Ku cire aljannu daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ku ga abin da zai saura! Don haka 'yan fim ɗinmu na Kano, ranar da za ku ɗauki littattafanmu, kada ku ji kunyar aljannunmu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.