BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Na san an saba cika filin nan da zancen waƙa da nahawu da tatsuniya, to yau ku yi mini aikin gafara, da ƙorafi na zo. Ƙorafina kuwa a kan taba sigari ne, da irin ɓarnar da take yi wa mutanenmu na bakin ruwa, watau na Yawuri da Ngaski da Shanga, musamman ranar da ciwo ya kai mutum gaban wuƙar likita. Wanda maganata ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Ina da kawu masunci a wani ƙauye cikin ƙasar Ngaski, ya fi shekara 20 yana jan taru a tafkin Kainji. Ƙaba ta fito masa, ya yi ta fama da jiƙe-jiƙe, da abin ya faskara aka kai shi wani asibiti. Likita ya duba, ya ce sai an yi tiyata, aka sa masa rana wata biyu gaba. Dangi suka yi karo-karo, shi kuma ya sayar da ragonsa. Da aka tambaye shi ko yana shan taba, sai ya ce jefi-jefi, alhali kuwa kwali guda ba ya kai masa gari ya waye. Daren da za a yi aikin ma sai da ya zaga bayan ɗakin majinyata ya zuƙe kara biyu, wai don hankalinsa ya kwanta. An yi aiki lafiya. Kwana uku tsakani tari ya sarƙe shi, duk tarin da ya yi sai ɗinki ya motsa, ciwon ya yi ruwa, ya ɗuri mugunya, daga baya ya buɗe. Jinyar mako ɗaya ta koma ta mako biyar, kuɗi suka ƙare, lokacin kamun kifi ya wuce shi yana kwance.

Da muka komo gida me mutane suka ce? Waɗansu suka ce hannun likitan ne ba shi da kyau. Waɗansu suka ce sammu ne, an bi shi har gadon asibiti. Ba wanda ya ambaci taba, sai likitan da ya sake ɗinkin, shi ne ya faɗa mana ƙiri-ƙiri. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, cikin wata biyun nan da aka ba shi, babu mahalukin da ya zaunar da shi ya ce, “Malam, ka ajiye taba tun yau.” Har da ni ɗan boko, da na raka shi ina riƙe da katinsa.

To, mai karatu, me ya haɗa hayaƙin da ke shiga ta baki da ɗinkin da ke ƙasan cibiya? Abu uku ne. Na farko, cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga bututun janareta ta kashe mutane a ɗaki. Ita wannan iska in ta shiga jini sai ta kama gurbin oksijin, watau iskar da jiki ke rayuwa da ita, jini ya riƙa kai wa tsoka ragowa. Na biyu, nikotin, wanda shi ne ke sa jarabar, yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini na fata. Naman da aka yanka aka ɗinke kuwa ba abin da ke haɗe shi sai jini mai gudu. Gonar albasar da aka toshe wa hanyar ruwa, wa zai ga laifinta in ta ƙi yi? Na uku, cikin hanyar numfashi akwai waɗansu 'yan gasu ƙanana da ke share majina su turo ta waje. Hayaƙi yana kashe musu ƙarfi, majina ta taru a huhu. In aka sa wa mutum maganin barci aka yi masa aiki, ya kwanta kwana biyu ba motsi, sai majinar nan ta zama gidan ƙwayoyin cuta, ciwon haƙarƙari ya biyo baya, ga tari mai girgiza ɗinki. Haka kuma karaya takan daɗe ba ta haɗe ba a jikin mashayi, 'yan acaɓa sai su riƙe wannan. Duk ɗan bakin ruwa ya san yadda banda ke mai da farin kifi baƙi. To wanda ya shekara 20 yana banda huhunsa fa?

Kada wani ya ce tatsuniyar ɗan makaranta ce. A shekarar 2002 likitoci a ƙasar Denmak suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mashaya 120 masu jiran aikin gwiwa ko na ƙugu. Rabi an taimake su su bar taba mako 6 zuwa 8 kafin aiki, rabi an bar su yadda suke. Cikin waɗanda aka taimaka, kashi 18 cikin 100 ne suka gamu da wata matsala bayan aiki. Cikin waɗanda aka bari kuwa, kashi 52 ne. Har ila yau a watan Janairu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto tare da Jami'ar Newcastle ta Ostareliya da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya, inda ta nuna cewa wanda ya bar taba mako 4 ko fiye kafin tiyata ya fi samun sauƙin warkewa, kuma kowane mako da ya ƙaru bayan huɗun nan riba ce. Wanda kuma labari bai iske shi da wuri ba kada ya ce ya makara, domin iskar nan mai guba takan bar jini cikin kamar yini da kwana. Amma fa mako 4 shi ne abin nema. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu bari mu dubi hujjojin da mutanenmu ke kafawa, don na sha jin su a bakin kwata. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kogin Kwara ya kumbura ya zama tafki, aka tashi mutane wajen 44,000 daga garuruwansu, su ya zama aikin dare da nisan ruwa. Masunci ya kwana cikin kwale-kwale da hunturu, sai ya ce taba ce ke kore masa sanyi. Wannan ba gaskiya ba ne. Nikotin tsuke jijiyoyin fata yake yi, saboda haka yatsun mashayi ƙara sanyi suke yi, ɗumin ashana ne kawai ke ruɗinsa. Mai tuƙin jirgi daga Yelwa zuwa Wara ya ce tana hana shi gyangyaɗi. Na yarda takan wartsakar da mutum na ɗan lokaci, amma mafi yawan kasalar da take korewa ita ce ta kawo ta da farko, don jikin da ya saba da ita in ya rasa sai ya yi laushi. Watau ta ɗaure ka, ta kwance ka, kai kuma ka biya ta ladan kwancewa. Wani ya ce kakansa ya sha lofe har ya shekara 90. Madalla. Akwai kuma wanda jirgi ya kife da shi ya fita da rai, amma ba mu taɓa jin ya ce kifewa ba ta kisa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, su ba su da bakin ba da labari, shi ya sa kakan nan kaɗai ake ji. Sai babbar hujja, wai komai ajali ne. Haƙiƙa ajali gaskiya ne. Amma me ya sa kake liƙe jirginka in ya tsage? Me ya sa ba ka shiga ruwa in hadari ya haɗo? Wanda ya yarda ya sayar da ragonsa don neman magani ya riga ya yarda da riƙo da sababi, to barin taba ma sababi ne, kuma shi ba a biyan ko kwabo.

Saura masu cewa, “Mun ji, amma ba za mu iya ba.” Waɗannan ba na yi musu dariya, domin jarabar gaskiya ce. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan zuƙa, ƙwaƙwalwa kuma ta saba. In aka yanke mata sai ta yi bore: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa. Boren ya fi tsanani a kwana na 2 da na 3, sa'an nan ya riƙa ja da baya cikin mako 2 zuwa 4. Kwaɗayin kansa kuwa kamar igiyar ruwa yake, ya taso, ya yi tozo, ya faɗi cikin 'yan mintoci, ko an sha ko ba a sha ba. Masunci ai ba a koya masa yadda ake jiran igiya ta wuce. Kuma ina da tambaya ga duk Musulmin da ya ce ba zai iya ba: wa ke riƙe maka hannu a watan azumi? Daga alfijir har faɗuwar rana, fiye da awa 12, kwana 29 ko 30 a jere, ba ka kunna ko ɗaya ba. Ashe kana iyawa.

Ga abin da ya kamata mai jiran tiyata ya yi. Ranar da aka sa masa rana, ya ƙirga baya ya tsai da ranar bari, kada ta gaza mako 4 kafin aiki, in ma ya bari a ranar ya fi. Ya zubar da ragowar kwalin, ya sanar da iyalinsa da abokan jirginsa, ya roƙe su kada a miƙa masa. Ya lura da lokutan da kwaɗayin ke zuwa, bayan cin abinci ne, ko wajen mai shayi, ko sa'ad da aka gama jefa koma ana jira, ya tanadi abin da zai sa a baki a lokacin: aswaki, aya, gyaɗa, ko kurɓin ruwa. In ya taso masa ya ce wa ransa a jira minti 10, ya tashi ya kama wani aiki. Ya yi hankali da goro da shayi mai kauri, domin jikin da ya bar taba yakan daɗe bai sarrafa sinadarin da ke cikinsu ba, sai rashin barci ya ƙaru. Kada ya ce zai koma tabar gari ko shisha, duk kanwar ja ce, shisha ma ga hayaƙin gawayi a kai. Wanda shansa ya yi nisa ya tambayi likita batun cingam ko filastan nikotin, waɗanda ke rage boren ba tare da hayaƙi ba. In tari ya ƙaru a makon farko kada ya tsorata, huhu ne ke shara. Ya riƙa tattaki, ya ci kifi da wake da ganye. Sa'an nan uwa-uba, ya gaya wa likita gaskiya: kara nawa a rana, shekara nawa, da duk wani jiƙo da yake sha. In ya zame ya sha kara ɗaya, ya tashi ya ci gaba, faɗuwa ɗaya ba ta hana kokawa. Bayan aiki kuma kada ya koma, don a lokacin ne naman ke haɗewa.

Daɗa laifin ba na mashayi kaɗai ba ne. Tun 1950 likitocin Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙar sigari da sankarar huhu, amma a 1959 aka buɗe masana'antar taba a Zariya. A 1990 gwamnatin soja ta kafa dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. A 2015 aka sa hannu a kan sabuwar doka ta ƙasa, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali. To, mai karatu, shiga kasuwa ko tasha ka tsaya gaban mai tebur, ka ga ko dokar ta iso. Kara ɗaya shi ne tarkon, don da shi yaro ke koyo, da shi kuma mai niyyar bari ke komawa. Kara 10 a rana shi ne 3,650 a shekara, kowa ya buga da farashin garinsu ya ga koma nawa ya ƙona.

Ina kuma kira ga ma'aikatan lafiya. Tambayar “kana shan taba?” a rubuta amsa a wuce ba ta wadatar ba. Duk wanda aka sa wa ranar aiki a gaya masa dalili da harshen da yake ji, a rubuta masa a bayan kati da boko da ajami. Maganar minti biyu ce, ta fi sake ɗinki arha. Masu zuwa dubiya kuma, ku ji tsoron Allah ku daina sunne wa majinyaci kara a ƙarƙashin matashi da sunan tausayi.

Daga ƙarshe sai mu, 'yan ƙungiyar Hausa. Muna ta gardama a kan tsawon wasali da karin sauti, alhali iyayenmu na shiga ɗakin tiyata ba su san abin da kowane ɗan aji ɗaya a sashen likitanci ya sani ba. In Hausar da muke karantawa ba ta iya kai wannan saƙo daga Sakkwato zuwa bakin kwata ba, me muka karanta ke nan? Waɗansunmu ma su ne ke busa hayaƙi a bayan ɗakin kwana, wai alamar wayewa. Hutu na zuwa. Kowa ya koma gida ya sami liman, ya sami Sarkin Ruwa, ya sami sanƙira, ya faɗa musu da Hausa, wanda ya iya Gunganci ko Kambarci ya faɗa da su. Kuma kada mai lafiya ya ce shi ba a sa masa rana ba, domin hatsarin hanya da murɗewar hanji ba su ba da wa'adin mako 4. Kawuna dai ya bari, amma sai bayan da ya rasa rago da kamun shekara guda. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa mu gane, amin.