Shin Shuka Za Ta Rayu a Ruwa Zalla?

'Yan uwana ɗalibai, Hausawa kan ce "kainuwa dashen Allah", domin ana ganin ta tana yawo a kan tafki ba tare da saiwarta ta taɓa ƙasa ba. Wannan ya sa wasu ke ɗauka cewa ruwa kaɗai ya ishi tsiro. A ganina, wannan fahimta tana buƙatar gyara.

Ruwan tafki ba ruwa ne zalla ba. Cike yake da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da laka, kuma daga nan kainuwa ke samun abincinta. Albasar da aka ɗora a bakin kofin ruwa takan fitar da saiwa da ganye, amma abincin da ta tara a jikinta take ci. Da zarar ya ƙare, sai ta yi yaushi.

Masana sun daɗe da gwada wannan. A 1699 wani Bature ɗan Ingila, John Woodward, ya wallafa yadda ya shuka na'ana'a a ruwa iri-iri, ya ga wadda ke cikin ruwan da aka gauraya da ƙasa ta fi girma nesa ba kusa ba. Wajajen 1860 kuma Jamusawa biyu, Sachs da Knop, suka nuna cewa tsiro zai girma ba ƙasa, muddin an narka masa sinadaran da yake buƙata, irin su naitirojin da fosfaras da fotashiyam, wato waɗanda ke cikin takin zamani na NPK. Ban da su, saiwa na buƙatar iska, in ba haka ba ta ruɓe. A 1937 William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya yaɗa sunan da Turawa ke kiran wannan noma da shi yau.

To, a nan ne aikinmu na ɗaliban harshe yake. Idan muka fassara shi da "noman ruwa", manomi zai zaci tsoma shuka a bokiti ya wadatar, ya yi asarar irinsa da kuɗinsa. Ni dai na fi son mu ce "noma ba ƙasa", domin ƙasa ce aka cire, abincin shuka yana nan daram. Fassara amana ce, kuma kalma guda tana iya jawo wa mutum hasara. Allah ya sa mu dace.