Bayan Arba'in Ake Sanin Dare: Darasi Daga Ƙasar Holan

Ƙanwata ta yi wankan haihuwar fari a gidanmu na Ƙofar Kibo, cikin birnin Zariya. Ta cika arba'in a gaban Inna, ta sha kunun kanwa, ta koma ɗakinta da yaro ɓul-ɓul mai daɗin barci. Da ya shiga wata na huɗu sai ga ta da hantsi, ido ya faɗa, ta kwance goyo ta fashe da kuka.

"Yaya, yaron nan ya birkice mini. Da sai ya yi awa biyar bai motsa ba, yanzu ko awa ɗaya ba ya cikawa. Ko nonona ne ba ya isarsa?"

Kafin la'asar an kawo mata shawara iri biyu. Gwaggo ta ce haƙori ne, a aika kemis. Maƙwabciyarmu ta ce yunwa ce, a dama masa koko. Kowacce don ƙauna ta faɗa, amma yaron lafiyarsa lau, jikinsa ba zafi, yana kama nono, da rana yana ɓangala dariya. Girma ne ya zo masa.

Barcin ɗan jariri sabon haihuwa hawa biyu ne kawai, mai motsi da mai nauyi. Wajen wata uku zuwa huɗu ƙwaƙwalwarsa takan fara jera barcin hawa-hawa irin na manya, kuma duk zagaye ɗaya bai cika kai awa guda ba. A ƙarshen kowane zagaye yakan taso sama-sama. Mu manya mukan gyara kwanciya mu ci gaba, da safe ba ma tunawa. Shi kuwa idan ya yi barci da nono a baki, ko a bayan uwa ana jijjiga shi, ya farka ya ji shi a shimfiɗa, sai ya nemi abin da ya sani. Irin wannan birkicewa takan sake dawowa wajen wata takwas zuwa goma, lokacin rarrafe da ƙiwa. Yawanci 'yan makonni take yi ta lafa.

Akwai ƙasar da ta daɗe da ɗaukar barcin jarirai da muhimmanci, wato Holan. A 1905 wata ma'aikaciyar jinya a garin Harlingen, Sien van Hulst, ta fitar da ɗan littafi don iyaye mata wanda ya tsaya a kan abu uku: tsabta, hutu da tsari. Kalmomin nan uku sun zama abin da kaka ke gaya wa jika a can har yau. A 1996 masu bincike biyu daga Amurka, Sara Harkness da Charles Super, suka wallafa abin da suka gani da suka kwatanta iyalan Holan da na Amurka. 'Yan wata shida a Holan suna samun barcin kusan awa 15 a yini da dare, takwarorinsu na Amurka kusan 13. Iyayen Holan ba su da wani magani. Suna kwantar da yaro da wuri, a lokaci ɗaya kullum, suna rage masa hayaniya da yawan wasa idan yamma ta yi, suna kuma ɗaukar hutunsa kamar abincinsa.

Wannan shi ne darasi na farko, kuma ba ya cin ko kwabo. A gidajenmu na cikin ganuwa, bayan isha'i ne hira ke daɗi. Jariri yana yawo daga cinyar Gwaggo zuwa hannun 'yan mata, wannan ta cilla shi sama, waccan ta haska masa waya. A kawo wuta ƙarfe goma, gida ya sake tashi, talabijin ta ɗauka. Yaron da ya wuce lokacin barcinsa gajiya takan yi masa yawa, kuma gajiyayyen jariri ya fi wuyar kwantarwa. Alhali muna da agogon da ba ya kuskure, wato kiran salla. A yi masa wanka kafin magariba, a ba shi nono, a yi masa addu'a, a rage haske, a kwantar da shi cikin gidan sauro yana lumshe ido kafin barci ya gama ɗauke shi. Idan ya farka cikin dare a ba shi nono ba tare da kunna fitila mai ƙarfi ko yi masa wasa ba. Da safe a fito da shi tsakar gida ya ga haske, don jikinsa ya koyi bambanta dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan wata huɗu zuwa sha ɗaya yana buƙatar awa 12 zuwa 16, har da barcin rana.

Darasi na biyu ya shafi yadda ake kwantar da shi. A 1987 wani likitan yara a Holan, Guus de Jonge, ya gargaɗi iyaye su daina kwantar da jarirai rub da ciki, saboda alaƙarsa da mutuwar farat ɗaya cikin barci. Iyaye suka ji, mace-macen suka ragu ƙwarai, wasu ƙasashe suka bi sahu. Uwar da ta gaji takan kifa yaro don ta lura ya fi daɗewa a haka. Kada a yi. A kwantar da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa, nesa da hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro.

Darasi na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni. A Holan, idan mace ta haihu, ma'aikaciyar jego takan zo gida kusan kwana takwas tana kula da ita. A wannan mun fi su, domin mu arba'in muke yi. Amma tun Yulin 2020 dokarsu ta ba uba damar ƙarin hutun mako biyar, wanda zai ɗauka cikin wata shidan farko. Sun gane cewa wahalar goyo ba ta ƙarewa da jego. Mu kuwa da an yi arba'in kowa ya watse. Lokacin da daren ya yi tsawo, mai jego tana ɗakinta ita kaɗai, girki na jiranta, wanki na jiranta, maigida kuma yana cewa a yi wa yaron nan wani abu ya yi shiru.

Daga nan ne hannu ke kaiwa ga kwalbar magani. Mu mutanen Zariya mun ga ƙarshen wannan hanya. A ƙarshen 2008 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin asibitocin da suka karɓi ƙananan yara da ƙodarsu ta tsaya bayan an ba su maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da guba. Zuwa Fabrairun 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce yara 84 sun rasu a faɗin ƙasa. Haƙorin fari yawanci sai wajen wata shida yake fitowa, kuma dalalar miyau a wata huɗu ba ita ce shaidarsa ba. Haka nan maganin mura mai sa barci bai dace da jariri ba. Koko da ruwa kafin wata shida kuma suna buɗe ƙofar gudawa, suna rage nonon da ake kukan bai isa ba.

Akwai kukan da ba a zama da shi. Idan jiki ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko numfashi ya yi sauri, ko amai da gudawa, ko fitsari ya ragu, ko jikin ya saki, a tafi asibiti a ranar. Asibitin Gambo Sawaba yana nan Ƙofar Gayan, ba sai an fita gari ba.

Ƙanwata ta kwana bakwai a wajenmu. Inna takan karɓi yaron bayan asuba ta ce, "Je ki kwanta, 'yar nan, ni na gama nawa barcin." Da ta koma, mijinta ya ɗauki wannan aikin kafin ya fita kasuwa. Cikin mako uku yaron ya daidaita, ba a ba shi ko cokali ɗaya na magani ba.

Ya ku iyayenmu, surukai, yayye da magidanta, kada zumuncin jego ya tsaya a rana ta arba'in. Ku leƙa mai goyo a wata na huɗu, ku sake leƙa ta a na takwas. Ku karɓi yaron na awa biyu, ku ce mata ta shiga ɗaki ta yi barci.