Gidan caca ya koma aljihun 'ya'yanmu, mu tashi tsaye!

Iyaye, malamai, masu unguwanni, da ku matasa, ku saurara. A shekarar 2024 Hisbah ta bi shagunan cacar ƙwallo a Kano tana rufewa, jama'a suka yi hamdala. To amma kwaɗon da aka garƙama wa ƙofar shago bai taɓa wayar kowa ba. Bet9ja, SportyBet, BetKing da 1xBet suna nan daram cikin aljihu, kuma cacar aljihu ta fi ta shago cin mutum.

A da, mai son buga bet sai ya taka har shago ko kafe, ya tsaya gaban kwamfuta ya zaɓi wasanni, ya ƙirga kuɗi da hannunsa ya miƙa, a buga masa tikiti, sannan ya jira Asabar a buga Firimiya. Kowane mataki akwai abin da zai iya taka masa birki: kunyar kada kawunsa ya hango shi, kuɗin aljihu su ƙare, wuta ta ɗauke, mai shago ya ce dare ya yi. Ko mai kwamfuta a gida, in ya miƙe ya bar ta nan. Waccan ma haramun ce, ta kuma tsiyata mutane, amma tana barin mutum ya numfasa.

Waya ba ta bari. Tana tare da shi a gado, a aji, a cikin Adaidaita Sahu, har a ƙofar masallaci kafin a ta da iƙama, ba wanda ya san abin da yake latsawa. Kuɗi sun daina bi ta hannu: daga OPay ko PalmPay ko banki, nan take sun shige, kuma dubu biyar a fuskar waya ba ta da nauyin dubu biyar a tafin hannu. Jiran Asabar ma ya ƙare. Ana tsakiyar wasa ana zuba kuɗi kan wa zai ci ƙwallo ta gaba. Ga ƙwallon bogi da kwamfuta ke bugawa, 'yan mintuna an tashi. Ga Aviator, ɗan jirgin da ke tashi lambar riba na hawa, kafin ƙiftawar ido ya ɓace da kuɗinka. Wanda aka cinye ba ya samun lokacin hucewa. Zuciya na tafasa zai sake zubawa wai don ya dawo da uwar kuɗi. In kuwa ya daure ya bari kwana biyu, manhajar ce za ta neme shi da saƙon kyauta.

Matasa, ku gane lissafin. Kamfani ya cire rabonsa a cikin farashin kowane wasa tun kafin a take leda. Tikiti mai wasa goma sha biyar, sau goma sha biyar aka yanki rabon nan. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne: “wasa ɗaya ne ya yanke mini.” Kuma gwargwadon yawan bugunka, gwargwadon tabbacin asararka. Aikin waya ke nan, ta yawaita bugun.

Kada wani ya ce mana tsoron zamani ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Birtaniya, inda caca halal ce a doka, ta hana yin ta da katin bashi a 2020. A 2021 ta hana injin cacar intanet ya riƙa juya kansa, ta kuma ce kowane juyi kada ya gaza daƙiƙa 2.5. Su da suka halatta ta ma sun gane cewa saurin ne dafin.

A Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Saboda haka 'yan majalisun jihohinmu ba su da sauran uzuri. Mu same su a mazaɓunsu, mu nemi doka kan tallar caca a rediyo, a gidajen kallon ƙwallo da bakin masu barkwancin TikTok, mu nemi a zauna da kamfanonin tura kuɗi kan yadda za a toshe hanyar.

Malamai, huɗuba kan giya da caca ta ambaci manhajojin nan da sunansu, don yaro da yawa yana ganin hasashen ƙwallo gwaninta ce kawai. Iyaye, in kuɗin makaranta suna ɓacewa, ko manhajojin bashi sun fara kiran dangi, a zauna da yaro a tambaye shi cikin natsuwa. Duka da gori ƙara ɓoyewa suke sa shi. Kai kuma ɗan'uwa da abin ya kama, yau ɗin nan ka nemi a rufe asusunka, ka goge manhajar, ka fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram masu sayar da “tabbataccen wasa”, ka damƙa katin bankinka hannun wanda ka amince da shi, ka faɗa masa gaskiyar nawa ake bin ka.