Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: asalin Superman da ƴan uwansa

Duk wanda ya yi lakwal a Yamai cikin shekarun 1970 ko 1980 ya san ƙananan littattafan zanen nan da ake shimfiɗawa ƙasa a bakin kasuwa, kusa da masu sayar da kaye da bik. Akwai Akim, da Zembla, da Blek, ga kuma Strange mai ɗauke da Spider-Man da Iron Man. Littafi guda sai ya zagaye aji duka ta ƙarƙashin tebur, har bangonsa ya ɓalle, in dai mushe bai riga ya ƙwace shi ba. Yaran jiya su ne ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na yau, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa tambayar inda jarumawan nan suka fito, balle wanda ya ci ribarsu. Amsar kuwa darasin ciniki ce tsantsa.

Sana'ar ta faro ne a Amurka, lokacin karayar arzikin da ta biyo bayan 1929. Wani kamfanin ɗab'i mai suna Eastern Color, wanda ke buga wa jaridu shafukan zane masu launi, ya rasa aikin da zai ba injinansa. A 1933 sai ya tattara tsofaffin zanen jaridu cikin ɗan littafi, aka riƙa bayar da shi gyara ga masu sayen sabulun Procter & Gamble. Ganin yadda yara ke rububinsa ya sa a 1934 aka fito da Famous Funnies, aka sa masa farashi santi 10. Abin da ya fara a matsayin gyara ya zama haja. Da tsofaffin zanen suka yi tsada, masu bugawa suka koma neman samarin da za su ƙago sabo a kuɗi kaɗan.

Cikin samarin nan akwai Jerry Siegel, marubuci, da Joe Shuster, mai zane, ƴaƴan Yahudawa baƙin haure da ke zaune a birnin Cleveland, dukansu haifaffun 1914. Sun yi shekaru suna tallar wani jarumi da suka ƙago, ana mayar musu da shi. A 1938 kamfanin Detective Comics ya karɓa, ya sa shi a bangon fitowar farko ta Action Comics, mai kwanan watan Yuni. Jarumin shi ne Superman: ɗan jarida mai kunya cikin kayan aiki, ƙaƙƙarfa in ya tuɓe su. A lokacin bai iya tashi sama ba tukuna, tsalle yake yi, harsashi kuma ba ya cinsa, kamar ɗan taurin da ya sha ya ƙoshi. Abokan gabansa na farko ma ba dodanni ba ne. Mai dukan matarsa ne, da ɗan siyasa maci amana, da mai ramin haƙar ma'adinai da bai damu da ran leburorinsa ba. Talakawa sun ga kansu a ciki, suka saya.

Shafi 13 samarin suka kawo, aka biya su dalar Amurka 10 kowane shafi, jimla 130. Tare da kuɗin aka miƙa musu takarda, suka sa hannu cewa Superman ya zama mallakar kamfani har abada. Su a ganinsu nono suka sayar, ashe saniyar ce ta tafi.

Ba a daɗe ba ciniki ya haura daga kwafi dubu 200 zuwa wajen miliyan. Superman ya shiga rediyo a 1940, ya shiga sinima a 1941. Kamar yadda ake yi a kowace kasuwa, da haja ta karɓu sai maƙwabta suka kwaikwaya. Batman ya fito a 1939, Captain America da Wonder Woman a 1941, na farkonsu yana naushin Hitler a bangon littafi tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba. Batman ma da nasa abin takaicin: Bob Kane ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa sunansa shi kaɗai, abokin aikinsa Bill Finger ya rasu a 1974 cikin talauci, ba a fara rubuta sunansa ba sai 2015.

Gaskiya ne kamfanin ya ɗauki Siegel da Shuster aiki, ya kuma biya su albashi mai kyau wajen shekaru goma. Amma albashi daban, mallaka daban. A 1947 suka kai ƙara, alƙali ya duba takardar 1938 ya ba kamfani Superman, daga nan aka sallame su, aka goge sunayensu. Shuster, wanda idonsa ya raunana, ya koma ɗan aike, Siegel ya koma ƙaramin akawu. Sai a 1975, ana shirin babban fim, kunya ta sa masu kamfanin suka yanka wa kowannensu dalar Amurka dubu 20 a shekara, suka mayar da sunayensu. Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996. A 2024 an yi gwanjon kwafi guda na littafin nan na santi 10 a kan dala miliyan 6.

Hanyar da ta kawo irin waɗannan jarumawa Yamai ta bi ta Faransa ne. Can dokar 16 ga Yuli 1949 ta sa ido kan duk abin da ake buga wa yara, har ta kashe mujallar Fantask a 1969 bayan fitowa bakwai kacal. Kamfanin Lug na birnin Lyon bai karaya ba, ya fito da Strange a 1970, yana goge wuraren da faɗa ya yi muni cikin zanen don kauce wa hukuma. Shi ne kuma mai Zembla, wanda shi da Akim jikokin Tarzan ne: Bature sarkin daji, baƙar fata na biye da shi. Marigayi Mustafa Alasan ya hango ƙarfin jarumin aro tun 1966, cikin fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, inda samarin ƙauye suka sa kayan kaboyi suka addabi iyayensu.

Nijar ba ta rasa jarumai ba. Sarauniya Mangu ta Lugu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, Abdullahi Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim ɗin da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ba ta rasa doka ba kuma: tun 1993 aka kafa dokar kare haƙƙin mai fasaha, ga ofishin BNDA da aka ɗora wa aikin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne karanta takarda kafin sa hannu.

Saboda haka yaron da ya zana wa kamfani tambari, da mawaƙin da ya shiga ɗakin ɗaukar murya, da marubucin da ya kai aikinsa gidan ɗab'i, ya kamata kowannensu ya tambaya: na shekara nawa ne, a wace ƙasa, kuma kashi nawa ne rabonsa in haja ta karɓu? Ɗan kasuwar da ya saya shi ma takarda bayyananniya ce za ta raba shi da zaryar kotu. Ma'aikacin da aka kawo wa ƙorafin mai fasaha kuwa kada ya ɗauke shi wasan yara, don wasan yara ne aka saya dala 130. Allah ya ba mai gumi ladan guminsa.